AKWATIN SANHOLO A KAN MOTAR JEJI

Yau zancenmu a kan akwati ne. Ba akwatin lefe ba, ba kuwa na ajiye tufafi a ɗaka ba. Akwatin da a ke ɗaura wa motar da ke bin jeji, inda babu kwalta, babu gareji, babu kanti.

A cikinku akwai direbobi, akwai yaran mota, akwai maƙera. Wanda ba shi cikin waɗannan, to, fasinja ne, ko uban fasinja. Saboda haka zancen ya shafi kowa. Abin da na ke so ku riƙe shi ne wannan: sayen akwati abu ne mai sauƙi, ɗaura shi a mota shi ne aikin. Akwatin da aka ɗaura da ganganci yana iya kashe mutum.

MENE NE SANHOLO?

Sanholo farin ƙarfe ne marar nauyi. Waɗansu su kan ce alminiyom. Da shi a ke zuba tukwanen nan da ludaya da ku ke saye a kasuwa. Mutane na ce musu tukwanen dalma, amma dalma wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi ƙwarai.

Idan aka yanko sanholo da baƙin ƙarfe, girmansu ɗaya, aka aza a sikeli, baƙin ƙarfe zai yi kusan uku na sanholo. Kun ji dalili na fari da ya sa matafiya ke sonsa. Na biyu, ba ya yin jar tsatsa. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wata 'yar fata siririya a jikinsa, ita ke tsare shi.

Masu ƙera mota sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1948 aka fara yin Land Rover a Ingila. Lokacin an gama Yaƙin Duniya na Biyu, baƙin ƙarfe ya yi wuya, sai aka yi bodinta da sanholo. A Jamus kuma akwai wani kamfani, Zarges, wanda aka kafa a 1933. Ya yi suna wajen yin akwatunan sanholo. Sojan Jamus suna zuba kayan aiki a cikinsu. In sun tsufa sai a yi gwanjonsu, matafiya su saye da araha, su ɗaura a motocinsu.

Mu ma nan muna da irin wannan bukata. Ku dubi motar da ke tashi daga Agadas zuwa Bilma, tafiyar da ta zarce kilomita 500 cikin rairayi. Ku dubi a-kori-kurar da ke kai magani ƙauyukanmu da damina. Ko wace tana bukatar wurin da ƙura da ruwa ba za su kai ga kaya ba.

SAYE

Tsofaffin kayan ƙarfe su kan taru a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Katako a Yamai. In za ka neman akwati, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka da kanka, ka tafi da abu uku: maganaɗisu, da tocila, da 'yar takarda.

Da fari ɗora maganaɗisu a jikin akwatin. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa farin fenti. In ya faɗi, kuma ka ɗaga akwatin ka ji ba nauyi, to, sanholo ne.

Sa'an nan juya shi, ka duba gindinsa da kusurwoyinsa. Lotsawa ba kome ba ce, guduma ta katako za ta miƙe ta. Tsagewa ita ce illa. Tsagar da ta yi tsawon farce yau, in ta sha gargada, za ta yi tsawon taƙi. In ka ga farin gari da ƙananan ramuka kamar zanzana, gishiri ne ya ci wurin. Bar shi.

Duba hinji, watau abin da murfi ke juyawa a kai. Duba maƙullai da mariƙai. Ja su da ƙarfi, ka ga ko sun yi sako-sako.

Yanzu sai murfi. A bakinsa akwai roba da ta kewaye shi. Sa takarda a bakin akwati, ka rufe, ka ja. In ta fito ba gardama, robar ta mutu a nan. Kunna tocila, ka sa a ciki, ka rufe a wuri mai duhu. Duk inda haske ya fito, nan ƙura za ta shiga. Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutuwar roba ba ta hana saye, amma ta isa ka nemi ragi.

Abu na ƙarshe, sunsuna cikinsa. In ka ji warin maganin ƙwari ko na wani sinadari, kada ka taɓa zuba abinci a ciki, kome wankin da ka yi masa.

Kafin ka bar gida kuwa, auna wurin da za ka sa shi a mota: tsawo, da faɗi, da tsayi. Ka tuna murfi yana son wurin buɗewa. Akwatin da bai shiga wurinsa ba, ko kyauta aka ba ka, asara ce.

GYARA

Wanke shi da ruwa da sabulu. Kada ka sa soda, kada ka sa kanwa, kada ka sa toka. Dukansu suna cin sanholo in sun jiƙe. Haka kuma jiƙaƙƙen siminti, da gishiri, da takin zamani. In dole ne ka ɗauki ɗaya daga cikinsu, ƙulle shi cikin leda mai kauri tukuna.

Idan akwai tsaga, kada ka kai wa mai waldar ƙofofi. Sanholo yana narkewa da zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya wuce 1,400. Wutar da ke haɗa ƙofa za ta huda akwatinka. Waldar sanholo tana da injinta dabam. In babu shi a garinku, ga dabara. Huda ƙaramin rami a ko wane ƙarshen tsagar, don ta daina tafiya. Yanko ƙyallen sanholo, ka ɗora a kai, ka kama shi da ribit.

Sāke robar murfi. In ba ka sami irinta ba, robar ƙofar tsohuwar mota za ta yi. Liƙa ta da gam, ka sāke gwajin takarda da tocila.

Shimfiɗa tsohuwar roba ko katifar soso a ƙasan akwatin. Sifana da guduma in suna tsalle a kan sanholo tsirara, za su goge shi har su huda. Kuma sanholo yana ɗaukar wutar lantarki. Batir da aka sa a ciki ba a rufe kawunansa ba, in suka taɓa murfi, gobara ce. Fetur da tukunyar gas kuwa ba a rufe su cikin akwati ko kaɗan.

In akwatin soja ne, shafe launin da lambobin da fenti, don kada ka sha tambaya a shingen bincike. Farin fenti ya fi, domin baƙi yana jawo zafin rana.

ƊAURI

To, jama'a, ku gyara zama. Nan ne rai ya ke.

Duk kayan da aka aza a saman mota suna ƙara mata son kifewa. Ku tuna mai tallan da ta jera ƙore uku a ka. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Da ta taka gangare sai kaya su rinjaye ta. Mota ma haka ta ke a kwana da gefen tudun rairayi. Saboda haka ga doka: mai nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, marar nauyi a sama. Jak, da kayan gyara, da jarkar ruwa, duk ƙasa. Jarka mai lita 20, ruwanta kaɗai kilo 20 ne. Bargo, da tabarma, da tufafi, su ne na sama.

Ko wace mota tana da iyakar abin da rufinta zai ɗauka, an rubuta a littafinta. Motoci da yawa ba su wuce kilo 100 ba, waɗansu ma ba su kai ba. Wannan lissafi kuwa har da kariya da akwatunan kansu. Mu yi misali. A ce littafi ya ce kilo 100. Kariya kilo 30. Akwati biyu, ko wane kilo 8, ya zama 16. A haɗa 30 da 16, 46 ke nan. A cire daga 100, saura 54. To, kilo 54 kaɗai za ka zuba. A hanyar gargada ma sai ka rage.

Igiya kaɗai ba ta isa ba. Rana tana cinta, gargada tana sassauta ta. Noti a ke sa wa, huɗu aƙalla, ɗaya kusa da ko wace kusurwa, mai kaurin milimita 8. Amma sanholo yana da taushi. In ka sa noti haka kawai, wata rana kansa zai yage gindin akwati ya fice. Don haka sai ka sa faffaɗan ƙarfe daga ciki, noti ya bi ta cikinsa, don nauyi ya bazu.

Tsakanin akwati da kariya sa yankin tsohon tib na taya. Amfaninsa biyu. Yana shanye girgiza. Kuma yana raba sanholo da baƙin ƙarfe, gama in suka haɗu, ruwa ya shiga tsakani, sanholo ne ke ciwuwa. Ɗaure ko wane noti da 'ya'ya biyu, na biyu ya danne na fari. Juya hinji wajen gaban mota, don iska ta riƙa danne murfi, ba ta ɗaga shi ba.

In a bayan a-kori-kura za ka kafa shi, leƙa ƙarƙashi kafin ka huda. Akwai tankin mai, da bututun birki, da wayoyi. Shasi kuwa ba a huda shi. Kada akwati ya tare fitila, ko lambar mota, ko hanyar fid da safaya.

Wanda ke cikin mota tare da fasinja, shi ma a kafe shi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, in ta yi karo, akwatin da ba a ɗaure ba zai taso kamar an jefo shi daga bene mai hawa 3. Wanda ke zaune a gabansa, shi zai tare shi da ƙeyarsa.

Bayan an gama, yi tafiya kaɗan a kan gargada, ka tsaya, ka bi notin nan da sifana. Daga nan kullum da safe, sa'ad da yaron mota ke duba mai da ruwa, ya kama akwati ya jijjiga. In mota ta motsa tare da shi, madalla. In shi kaɗai ya motsa, ba a tashi sai an ɗaure.

Ku fasinjoji, wannan aikin bai fi ƙarfinku ba. Kafin ku hau, ku ɗaga kai ku dubi abin da ke sama. In kun ga akwati yana rawa, ku gaya wa direba. Gara a makara da rabin sa'a a tasha.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wani jiƙon.