Nguru, Inda Hanyar Jirgi Ta Ƙare

Yau zancen garin Nguru za mu yi. Wanda ke da taswira ya ɗora yatsa bisa Kano, ya bi baƙin layin nan da ya nufi gabas maso arewa. Zai wuce Ringim, da Gagarawa, da Malam Madori, da Birniwa. Inda layin ya tsaya cik, to, nan ne Nguru. Tsakaninta da Kano mil 143 ne ta hanyar jirgi. Da can ƙasar Barno ce, amma tun 1991 tana cikin Jihar Yobe.

Kada ku zaci jirgi ne ya fito da sunan garin. Tun zamanin sarakunan Barno na Birnin Gazargamu, a Nguru Galadiman Barno ya ke zaune, shi ke tsare musu iyakar yamma. Har sarakunan Auyo da Haɗeja ta hannunsa su ke aika gaisuwa Barno. Da jihadi ya tashi, Filani suka karɓe ƙasashen nan, ikon Galadima ya ragu ƙwarai. Mutanen wurin galibinsu Mangawa ne, dangin Barebari, ga kuma Badawa maƙwabtansu wajen Gashuwa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma bai kai Nguru ba sai 1930. Da ya kai nan aka tsaya, ba a ƙara ko taki ɗaya ba. Wannan tsayawa kuwa ita ce arzikin garin. Ku duba, tashar da jirgi ke wucewa, kayan ƙauyukan da ke kewaye da ita kaɗai ta ke samu. Amma tashar da hanya ta ƙare, duk wanda ke bayanta tilas ya kawo kayansa gare ta, kome nisansa. Saboda haka sai ayari ya yi ta kwararowa, raƙuma da jakuna da takarkarai, daga Gashuwa da Gaidam da Macina, har daga ƙasar Nijar, wadda ke hannun Faransa a lokacin. Suna kawo gyaɗa, da fata da ƙirgi, da kanwa, da mangul, watau gishirin ƙasar Manga. Shanu kuma a kora su cikin taragu, su nufi kurmi. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da sikeli kusa da tasha. Hausawa 'yan baranda suka zo, akawuna da ma'aikatan reluwe suka zo daga kudu, har Hausa ta zama harshen kasuwa a ƙasar da ba ta Hausa ba.

Cikin kayan nan akwai ɗaya da ya kamata mu daɗe a kansa, shi ne ƙaro. Daga jikin ɗakwara a ke samunsa, itacen nan mai ƙaya da ke son jigawa. In damina ta wuce, ganye ya fara zuba, sai a ɗan ɓare ɓawon reshe, a bar shi. Bayan 'yan makonni sai ka tarar ƙaro ya tsattsafo ya daskare, dunƙule dunƙule. A tsince, a rairaye, a ware fari da ja, a ɗura a buhu. Mu nan abin da muka fi saninsa da shi tawada, malamai na zuba shi don ta kama allo, ta yi ƙyalli. Amma a Turai da Amurka cikin alewa a ke sa shi, da magani, da lemon kwalba. Abin mamaki, itacen ba ya ba da ƙaro sosai sai ya sha wuyar rani. Nguru ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tara ƙaro a Nijeriya.

Ga yadda shekara ta ke a can. Ruwan sama kaɗan ne, wajen inci 20, watau kamar milimita 500, na Kano kuwa ya kan haura inci 30. Ya kan sauka a Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, kafin Satumba ta ƙare ya ɗauke. Gero da wake su ne abin shuka a tudu, don ba su da jira. Disamba da Janairu hunturu ne da hazo. Afrilu da Mayu kuwa zafi ya kan wuce awo 40, har ƙarfen hanyar jirgi ba ya taɓuwa da tsakar rana.

To, ƙaƙa gari ya zauna da ruwa kaɗan haka? Amsa ita ce, Nguru tana shan ruwan da ya sauka a wata ƙasa. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. In ya wuce Haɗeja sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan rairayi, ya rasa hanya guda, ya rarrabu. Wani reshe da a ke kira Marma shi ke cika tabkin Nguru. In ambaliya ta zo a shuka shinkafa. In ta janye a bi danshi da wake da kayan lambu. Masunta su kama kifi su yi banda, Filani su sauko da shanu cin rani. Har tsuntsayen Turai nan su ke gudo wa sanyin ƙasarsu. Don haka a 2000 aka sa tabkin cikin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa.

Kun ga ke nan hanya biyu ke ciyad da garin, ta ƙarfe da ta ruwa, kuma ba wadda linzaminta ke hannun mutanen Nguru. Ta ƙarfe ita ta fara sanyi. A 1964 jirgi ya shiga Maiduguri ta Bauci da Gombe, Nguru ta daina zama ƙofar Barno. Aka yi farin 1973, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, gwamnati kuma hankalinta ya koma kan man fetur. Abin da ya rage na kaya, manyan motoci suka kwashe.

Ta ruwa kuwa sha'aninta ya fi wuya, ni a ganina ita ce abin tsoro. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, don noman rani da ruwan shan Kano. Ba mai musun amfaninsu. Amma da can kogi ya kan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewan nan kuwa ita ke kashe ciyawar ruwa. Da aka shiga sakin ruwa kaɗan kaɗan rani da damina, sai kacalla ta sami wurin zama. Ta yi tsawo ta wuce mutum, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ruwa ya kwanta bisa gonakinsa shekara da shekaru, wani kuwa can gaba ko na ban ruwa bai samu ba. Cikin kacallan nan kuma jan baki ke kwana, da safe su tashi kamar hadari su faɗa wa shinkafa da gero. Mutanen ƙauyukan bakin Marma su kan yi gayya, su shiga ruwa iyakar ƙirji da lauje da adda, su sare ta don su buɗe wa ruwa da kwalekwale hanya. Saiwarta kuwa tana can cikin laka, ba a jimawa sai ta sake tohowa.