"Allah Ya Isa" Ba Ta Shiga Fayil: Yadda Ake Kai Ƙorafin Asibiti

Yau babu baƙo, ni kaɗai ne, domin maganar da zan yi a gidanmu ta faru.

Bara, yayata ta fara naƙuda cikin dare, jini ya ɓalle mata. Muka sa ta a adaidaita sahu, muka isa asibiti wajen ƙarfe ɗaya. Aka ce sai an yanki kati, mai yankan katin kuma ba ya nan. Da aka samo shi, sai aka ce likita ana ta kiransa a waya. Wallahi ba a duba ta ba sai bayan kiran assalatu. Ita Allah ya tashi kafaɗunta, amma jaririn bai zo da rai ba.

Umma ta ce, "Haka Allah ya ƙaddara, a yi haƙuri." Ni kuma na hau Facebook na zazzage fushina, mutane suka yi ta rubuta "Allah ya isa". Kwana uku, magana ta mutu. To, ƙaddara gaskiya ce, ba na musu. Amma wanda ya bar bakin aikinsa yana nan, kuma gobe 'yar wani ce za ta kwanta a kan bencin nan. Shi ya sa na nemi sanin yadda ake ƙorafin da dole a amsa shi.

Da farko, ka san doka tana bayanka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 30 kuma ya ba kowa damar kai ƙorafi, a bincika masa. Akwai kuma kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018. Yana cikin haƙƙinka a yi maka bayani da harshen da kake ji. Ba alfarma ba ce.

Na biyu, rubuta lokaci. Nan ne muke faɗuwa. "Sun wulaƙanta mu" ba hujja ba ce. Amma in ka ce, "Mun iso ƙarfe 1:05, an ba mu kati 2:30, likita ya zo 5:20," ka kawo abin da za a iya gwadawa da rajistar asibitin. Ajiye kati, rasiti, takardar magani da sakamakon gwaji. Ɗauki hotonsu a waya. Rubuta sunan ɗakin da sunan wanda ke bakin aiki in ka sani. Sai dai kada ka ɗauki hoton wasu marasa lafiya, su ma suna da sirrinsu.

Na uku, in abin yana faruwa yanzu, bar musu da wadda ke gabanka. Sau da yawa ba ita ke da iko ba. Ce, "Don Allah sista, wa ke shugabantar wannan ɗaki yau?" Nemi matron, ko babban likitan da ke kan aiki. Ceton rai tukuna, takarda daga baya.

Na huɗu, wasiƙa. Shafi ɗaya ya isa: wane ne kai, me ya faru, yaushe, wace illa aka samu, me kake so a yi. Wannan na ƙarshen kada ka manta shi. Bincike kake so? Bayani a rubuce? A mayar maka da kuɗi? Faɗi. Rubuta wa shugaban asibitin, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM, wanda aka kafa tun 2004 don irin wannan.

In sun yi shiru, sai ka hau sama. Asibitin jiha, Hukumar Kula da Asibitoci ko Ma'aikatar Lafiya ta jiharka. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa, fara da kwamitin ci gaban mazaɓa, sannan hukumar lafiya matakin farko ta jiha. In sakacin likita ne, akwai majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, amma ita sai ka yi takardar rantsuwa a kotu, kuma tana iya dakatar da likita. Nas da ungozoma su ma suna da tasu majalisar. Asibitin kuɗi, FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar ƙorafi. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha, kuma kyauta ne. Amma kada ka bari shekara ta wuce, domin dokarta wata 12 ta ba ka.

Wani zai ce, "Malam, ai su ma ma'aikatan suna shan wahala." Gaskiya ne. Nas ɗaya a ɗaki cike, ga rashin wuta, ga abokan aiki suna ficewa waje. To, ai takardarka ma taimakonsu ce. Ita ce shaidar da shugaban asibiti zai kai sama ya ce a ƙaro hannu. Zagi da duka kuwa, sai mai gaskiya ya koma mai laifi.

Ni na rubuta tawa. An kira mu, mun zauna, an saurari yayata da bakinta. Bai dawo mana da yaron ba, kuma har yanzu ina bibiya. Amma dai daren nan yanzu yana cikin fayil, da kwanan wata da hatimi.

Wanda bai iya rubutu ba a unguwarku, ku matasa ku rubuta masa. Ku tura wa wani wannan shiri, ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.