Buhun Wake Daga Rurum: Wa Zai Yi Masa Shaida?



A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, domin an sami maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Aka sabunta hanin a 2016, aka kuma sabunta shi a 2019. Hukuncin ya hau kan kowa, da mai laifi da marar laifi.

To, mu ɗauki buhu guda daga gonar wani manomi a Rurum. Manomi ya sussuke wakensa, ya kai kasuwa, a Rano ko a Kibiya. 'Yan sari su auna kwano-kwano, su juye na mutum goma a buhu ɗaya, a loda a mota sai Dawanau. A can wani ya ajiye shi wata da watanni yana jiran tsada, ƙwari suka faɗa masa, ya yayyafa magani. Ran da aka kama buhun nan a bakin teku, wa zai ce ga hannun da ya ɓata shi? Ba kowa. Saboda haka aka yi wa ƙasa duka kuɗin goro.

Nan ne masu fasahar bulokcen suka ce suna da magani. Bulokcen kundi ne wanda kwamfutoci masu yawa suke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, kowane shafi a ɗaure da na bayansa kamar sarƙa. In wani ya kankare layi ɗaya, sauran kwafin za su tona shi. Kamfanin Walmart na Amurka ya gwada shi tare da IBM, ya ba da labari a 2017 cewa gano asalin mangwaro, wanda a da yakan ci kusan kwana 7, ya koma daƙiƙa 2.2. Gwamnatinmu ma ta amince da manufar ƙasa kan wannan fasaha a watan Mayun 2023.

Amma fa, jama'a, kada ɗoki ya kwashe mu. Kundin nan yana tsare abin da aka rubuta ne kurum, ba ya shinshina buhu. In ɗan sari ya rubuta cewa bai sa magani ba alhali kuwa ya sa, ƙaryarsa za ta zauna daram, ba mai iya goge ta. Kuma ko manya sun sha ƙasa: TradeLens, wanda Maersk da IBM suka kafa a 2018 don kayan jiragen ruwa, an rufe shi a farkon 2023 saboda bai sami cikakken haɗin kan masu harkar ba.

A ganina aikin daga Rurum zai fara, ba daga Abuja ba. Manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su zuba wake a buhun PICS mai ninki uku, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba. A liƙa wa kowane buhu lamba tun a ƙauye, a hana gauraya shi, malamin gona ya gwada ya sa hannu. Sannan mai saye ya ƙara wa buhu mai lamba kuɗi, don ba manomin da zai ɗauki wannan wahala a banza. Ku masu karatun aikin gona da na kwamfuta, wannan hutun ku je kasuwar Rano ku ƙidaya hannu nawa buhu yake bi kafin ya hau mota.