GUGUWAR MARIS A AMURKA: SU WA TAKE KASHEWA?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na 'yan agaji, gabanin faɗuwar damina. Mun ɗan taƙaita shi saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa (S) da iyalan gidansa, 'yan uwa, abin da aka ce in yi magana a kai yau shi ne wata irin guguwa da ke aukuwa a ƙasar Amurka a farkon fitarsu daga hunturu, wato watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da mu nan muke fama da zafin bazara. Su suna ce mata tonado. Zan ɗan yi bayanin yadda take, amma inda nake son mu fi tsayawa shi ne a kan mutanen da take kashewa, domin nan ne aikin ɗan agaji yake.

Da farko kar a haɗa ta da guguwar da muka sani, wadda kan tashi a fili da rana tsaka ta kwashi ƙura da ledoji, yara suna gudu suna cewa da aljani a ciki. Waccan daga zafin ƙasa take tashi, ko girgije babu. Ita tonado daga cikin hadari take saukowa, baƙin hadari mai tsawa da ƙanƙara, sai ka ga wani abu kamar mazurari ya zuro daga girgijen ya taɓa ƙasa yana juyawa. Kuma ba ita ce mahaukaciyar guguwar nan ta teku da kan yi kwanaki tana tafe ana ba da labarinta a rediyo ba. Wannan sau da yawa mintoci kaɗan take yi, faɗinta kuma wani lokaci bai wuce na filin ƙwallo ba, wani lokaci ya haura kilomita ɗaya. Sai ta share gidajen layi guda, na layin da ke bayansu ko gilashin taga bai fashe ba.

To me ya sa Amurka, kuma me ya sa wannan lokacin? A shekara akan samu irin wannan guguwa kimanin 1,200 a ƙasar, babu wata ƙasa da ta kai ta. Dalili shi ne yadda ƙasar take shimfiɗe. A kudu akwai Tekun Meziko mai turo iska mai ɗumi da laima. A arewa akwai Kanada mai turo iska mai tsananin sanyi. Daga yamma kuma busasshiyar iska ce ke gangarowa daga duwatsu da hamada. Tsakanin kudu da arewa babu wani dutse da ya gitta ya raba su. To a watan Maris teku ya fara ɗumi, amma sanyin arewa bai gama janyewa ba, sannan can sama akwai wata iska mai gudun gaske da har yanzu tana da ƙarfinta na hunturu. Idan ta ƙasa tana kaɗawa daga kudu, ta sama tana kaɗawa daga yamma kuma ta fi ta gudu, sai iskar da ke tsakaninsu ta riƙa mirginawa, kamar yadda kake murza igiya tsakanin tafin hannuwanka. Iska mai ɗumi da ke hawa cikin hadari sai ta ɗaga wannan murɗaɗɗiyar iskar ta tsayar da ita. Daga nan hadarin gaba ɗaya ya kama juyawa.

Kuma da yake wannan yanayin yakan rufe jihohi da yawa a rana ɗaya, ba guguwa ɗaya ake samu ba, barkewa suke yi kamar annoba. Alal misali ranakun 3 da 4 ga Afrilun 1974, guguwa 148 ne suka sauka a jihohi 13 cikin ƙasa da awa 24, suka kashe sama da mutum 300. A ƙarshen Afrilun 2011 aka sake samun wadda ta fi ta yawa, guguwa kimanin 360 cikin kwana huɗu, nan ma sama da mutum 300 suka mutu, akasarinsu a jihar Alabama.

Wadda ta fi kowacce kisa a tarihin ƙasar ita ce ta ranar 18 ga Maris 1925. Ta taso daga jihar Misuri, ta ratsa Ilinoi, ta ƙare a Indiyana. An auna tafiyarta kilomita 352, wato kamar ka je Kaduna daga Kano ka ƙara rabin hanyar, cikin awa uku da rabi. Mutum 695 ta kashe. A garin Murphysboro kaɗai mutum 234. A wani ƙaramin gari De Soto, yara 33 suka mutu a makarantarsu. Abin da zai ba ku mamaki, 'yan uwa, a wancan zamanin hukumar duba yanayi ta ƙasar ta hana ma'aikatanta ambaton kalmar tonado a cikin hasashensu, wai don kar a firgita jama'a. Ka ji fa. Ana tsoron mutane su firgita, sai aka bar su ba labari. Sai a watan Maris 1948 wasu hafsoshin sojan sama biyu, Fawbush da Miller, a wani sansani a jihar Okalahoma, suka yi ƙarfin hali suka ce yau guguwa za ta sauka, aka killace jirage da mutane, kuma ta sauka ɗin. Bayan 'yan shekaru aka fara yi wa jama'a gargaɗi a fili.

Yanzu suna da na'urori masu hango juyawar iska a cikin hadari, suna da jiniya a garuruwa, saƙo yana shiga wayar hannu. Amma duk da haka tsakanin gargaɗi da isowar guguwa yawanci minti goma ne zuwa sha biyar. Ku ƙiyasta da kanku. Ka ji labari, ka gaskata, ka tattara yara, ka ɗauki tsohuwa da ba ta iya tafiya, ka isa inda za ka fake, duk cikin minti goma.

To a nan ne maganar da na ce mu tsaya a kai take. Mutane da yawa idan aka ce tonado sai su tuna filayen tsakiyar Amurka, su Kansas da Okalahoma. Can ɗin sai wajen Mayu da Yuni abin ya fi tsanani. Ta farkon shekara, ta Maris da Afrilu, ta fi faɗa wa kudu maso gabas, wato su Misisipi da Alabama da Tenesi da Akansas, kuma can ne aka fi mutuwa. Yankin akwai dazuzzuka da tuddai, ba ka hango ta daga nesa. Sau da yawa tana zuwa a lulluɓe cikin ruwan sama. Sannan tana yawan zuwa da dare, kuma bincike ya nuna ta dare ta fi ta rana kisa fiye da ninki biyu. A daren 2 wayewar 3 ga Maris 2020 ta shiga birnin Nashville da garuruwan gabas da shi mutane suna barci, mutum 25 suka mutu a jihar Tenesi.

Amma babban dalili shi ne gida. Wannan yankin yana cikin mafi talauci a Amurka, kuma talakansu da yawa a wani irin gida yake zaune da ake ƙerawa a masana'anta, a jawo shi da mota a ajiye a fili, a ɗora shi a kan 'yan bululluka. Kusan kamar kwantena ne da aka yi wa ɗakuna. Ba shi da harsashi a ƙasa, ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan gidaje ba su wuce kashi 6 cikin 100 na gidajen ƙasar ba, amma kusan rabin mutanen da guguwa ke kashewa a cikin gidajensu, a irinsu suke mutuwa. Shawarar da hukuma ke ba kowa ita ce ka sauka ɗakin ƙasa, in babu ka shiga ɗakin da ke tsakiyar gida wanda ba taga. To mai gidan kwantena wane tsakiya zai shiga, alhali gidan gaba ɗaya za a ɗaga a kifar? Shi sai a ce masa ya fita ya nemi gini mai ƙarfi. Da dare, cikin ruwa, wataƙila motar gidan tana wajen aiki da mai gida.

Ranar 3 ga Maris 2019 a Beauregard ta jihar Alabama, mutum 23 suka mutu, mafi yawansu a irin waɗannan gidaje. Ranar 24 ga Maris 2023 kuma, wajen ƙarfe takwas na dare, ta faɗa wa Rolling Fork a Misisipi, gari ne na mutum ƙasa da dubu biyu, akasarinsu baƙaƙen fata, a cikin ɗaya daga ƙananan hukumomin da suka fi talauci a jihar. Gudun iskar ya haura kilomita 300 a awa. Mutum 17 wannan guguwar ta kashe a tafiyarta, da yawansu a unguwar gidajen kwantena. A wani gidan abinci na garin, masu aiki da waɗanda ke wurin sun tsira ne don sun kutsa cikin ɗakin sanyi da ake ajiye nama. Da suka fito ginin ya rushe, amma ɗakin sanyin yana nan a tsaye.

Wannan fa a ƙasar da take kai mutane sararin samaniya ke nan. Ni dai abin da na fahimta shi ne, iskar ba ta tambayar aljihun kowa, amma idan aka zo ƙidayar gawarwaki sai ka tarar lissafin ya bi layin talauci. In kuna son ku ga haka ƙarara ku duba Bangaladesh, wadda ita ma take samun irin wannan guguwa a Maris da Afrilu kafin daminarsu. Ranar 26 ga Afrilun 1989 guguwa ɗaya tak ta kashe mutum kimanin 1,300 a gundumar Manikganj, babu wadda ta kai ta kisa a tarihin duniya. Mutane ne cunkushe a ƙauyuka, a ɗakunan kwano da gora, ba gargaɗi, ba mafaka.

Akwai wani labari kuma da nake so shugabanninmu na agaji su saurara da kyau, saboda mu ma masu tara jama'a ne a wuri ɗaya. Ranar Lahadi 27 ga Maris 1994, Kiristoci suna tsakiyar ibada a wani coci da ake kira Goshen kusa da garin Piedmont a Alabama, guguwa ta bugi ginin, bango ya faɗi, rufi ya rufto. Mutum 20 suka mutu, har da 'yar shekara huɗu ɗiyar limamiyar cocin. Hukuma ta riga ta ba da gargaɗi kimanin minti 12 kafin nan. Amma duk wanda ke ciki hankalinsa yana kan ibada, ba rediyo, ba a ajiye kowa a waje yana sauraro ba. Gargaɗin ya fita, bai isa kunnen kowa ba. Bayan wannan ne gwamnatinsu ta faɗaɗa tashoshin rediyon gargaɗi zuwa karkara. Shi ya sa nake ganin duk taron da za mu yi a farkon damina, a ware mutum ɗaya aikinsa kawai duban gabas, kuma a san tun farko ina za a kai mata da yara in hadari ya taso.

Na ce gabas saboda mu tamu iskar daban ce. Abin da ke yaye mana rufi a Mayu da Yuni galibi ba mai juyawa ba ce, iska ce miƙaƙƙiya da ke gaban hadarin gabas. Amma wajen ɓarna akwai inda suka yi kama, kuma a nan za mu amfana da aikin wani malami ɗan asalin Japan, Fujita, na Jami'ar Shikago. Tun yana saurayi ya je Nagasaki a 1945 ya duba yadda bam ya kwantar da abubuwa, daga baya ya riƙa bin sawun guguwa yana karanta kango kamar yadda maharbi ke karanta sawu. A 1971 ya fitar da ma'aunin ƙarfinta daga 0 zuwa 5, wanda aka gyara a 2007 ake amfani da shi. Masu bin hanyarsa sun sha ganin cewa gida daga rufi yake fara lalacewa. Iska ta sami ƙofa ko taga ta shiga, ta tura daga ciki, ta waje tana tsotsa daga sama, rufi ya tashi. Da zarar rufi ya tafi bango ba shi da mai riƙe shi. Kuma abin da ya fi kashe mutane shi ne tarkacen da ke yawo a iska, katako da ƙarfe da gilashi, yawanci a ka.

Maganin da injiniyoyinsu ke ta nanatawa wani ɗan ƙarfe ne mai arha da ke ɗaure katakon rufi da bango. Mu nan kafintocinmu sun san shi da daɗewa, shi ne langa-langa. Sai dai mai gini yakan ce kuɗi sun ƙare, a buga ƙusa kawai, a ɗora duwatsu da bulo a kan kwano. Waɗannan duwatsun in iska ta yi ƙarfi a kan mutane suke sauka. Saboda haka kafin ruwan farko, kowane rukuni ya zagaya makarantun Islamiyya da ke unguwarsa ya ɗaga kai ya duba ɗaurin rufi. In iska ta taso ana karatu kar a saki yara su ruga gida, kwano a waje yake yanka mutum. A tara su nesa da taga, su durƙusa, su rufe kawunansu ko da da allo ko jakar littattafai ne. Wanda kwano ya yanka kuma, a danne wurin da tsumma mai tsabta a tsayar da jini tukuna kafin a fara neman mota.

An yi mani ishara lokacin salla ya yi. Masu tambaya sai bayan mun idar, in sha Allah.