DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Haɗejiya



An nemi in yi magana a kan wata sana'a da ƙannenmu za su iya kamawa ba tare da babban jari ba. Abin da na zaɓa shi ne tsofaffin kwamfutocin nan da ke jibge a ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu, musamman babban allon da ke cikinsu, wanda masu gyara ke kira madabod, 'yan gwangwan kuma ke kira fanel. Wannan allo shi ne ƙashin bayan kwamfuta, domin a kansa ake dasa ƙwaƙwalwarta da duk sauran kayanta.

Kowa ya san cewa tsakanin 1999 da 2007, zamanin Gwamna Saminu Turaki, Jihar Jigawa ta ba harkar kwamfuta muhimmanci ƙwarai, har aka kafa cibiyar koyar da ita a Kazaure. A shekarun nan ne kwamfutoci suka cika ma'aikatu da shagunan buga takardu, da yawansu kuwa 'yan gwanjo ne da suka gama aiki a Turai kafin su iso mana. Yau sun tsufa. Ƙarshen mafi yawansu shi ne kurar ɗan gwangwan, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo, a fasa da guduma.

To, a nan ne asarar take. Sikeli nauyi ya sani, bai san daraja ba. A 2015, a Jihar Kalifoniya ta Amurka, wata mata ta kai tarkacen mijinta da ya rasu wurin masu sarrafa shara. Ashe a ciki akwai Apple I, kwamfutar 1976 wadda kimanin 200 kawai aka ƙera. An sayar da ita dala 200,000, aka shiga cigiyar matar don a ba ta rabi. Ba ina cewa akwai irinta a Haɗejiya ba, don kada wani ya tashi daga nan ya fasa ɗakin kakarsa. Abin lura kawai shi ne, rashin sani kan sa kaza ta kwana a kan dami.

Masu sayen tsohon allo iri biyu ne. Na farko masu sha'awar tara kayan tarihi da tsofaffin wasannin kwamfuta, galibi a Turai da Amurka. Na biyu masu injuna, wato masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje waɗanda injinsu na miliyoyin naira ke tafiya da tsohuwar kwamfuta. Idan allonta ya mutu, sabo ba ya shiga, sai an nemo tsoho irinsa.

Yaya za a gane wanda ya cancanci a ajiye? Da farko a karanta rubutun da ke jikinsa, domin kusan kowane allo na ɗauke da sunan kamfani da lambarsa, kamar ASUS P2B ko Abit BH6. A rubuta lambar a waya, a duba a intanet nawa aka sayar da irinsa, ba nawa mai shi ya yi masa kuɗi ba.

Na biyu, a dubi ramukan da ake soka ƙananan alluna. Dogaye baƙaƙe su ake kira ISA, su ne mafi tsufa, kuma su masu injuna suka fi nema. Farare su ne PCI, da suka fito a 1992. Guda ɗaya mai ruwan ƙasa shi ne AGP na 1997. Allon da ke da baƙaƙen ramuka, kada a yi garajen kai shi sikeli.

Na uku, a dubi mazaunin ƙwaƙwalwa. Idan an ga 486, wadda Intel ya fitar a 1989, ko Pentium ta 1993, ko an ga an rubuta Socket 7, ko dogon ramin Slot 1 na Pentium II ta 1997, to an samu abin dubawa. Haka nan ƙananan alluna masu suna Voodoo ko Sound Blaster, wani lokaci sukan fi babban allon kansa tsada.

Na huɗu, a duba lafiyarsa. Allunan zamanin 386 da 486 suna da wani batir mai kama da ƙaramar ganga, wanda kan yi yoyo ya cinye layukan tagulla, ya bar tsatsa shuɗiya ko koriya. A cire shi nan take. Waɗanda aka ƙera daga 1999 zuwa wajen 2007 kuma, da yawansu 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kansu, wato kafasito, sukan kumbura. Mai gyaran rediyo na iya canza su da kuɗi kaɗan.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowane tsoho ne zuma ba. Allunan Pentium 4 na ofis sun yi yawa a duniya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sana'ar ta ido ce da haƙuri: a tsince na kirki, a gwada, a ɗauki hoto yana aiki, a faɗi aibinsa tsakani da Allah, sannan a tallata. A gida akwai masu kayan kwamfuta na titin Beirut a Kano, da dandalin Jiji da Facebook. Kasuwar waje kamar eBay ta fi tsoka, sai dai tana bukatar amintaccen wakili da lissafin kuɗin aikawa tun kafin a yi ciniki.

Wajen ajiya, ƙasarmu na da abokan gaba biyu. Da damina akwai laima da ambaliya, kamar yadda muka gani a 2022, saboda haka a ɗora kaya a kan kanta, ba a ƙasa ba. Da hunturu kuma, ɗan tartsatsin nan da kan ja mutum idan ya taɓa ƙarfe ya isa ya kashe allo. A riƙe shi ta gefe, a naɗe da takarda, a sa a kwali, kada a sa a leda.

Jama'a, maganar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Tsofaffin allunan nan da dalma aka yi musu ɗori, sai a 2006 Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a yawancin kayan lantarki. Idan aka ƙona su don a ciro tagulla, hayaƙin ya shiga ƙirjin yaran da ke ƙonawa, tokar kuma ruwan farko ya wanke ta zuwa fadama. Daga wannan fadama muke cin shinkafa da tattasai da kifi, kuma ruwan Kogin Haɗejiya bai tsaya nan ba, sai ya ratsa Nguru da Gashuwa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk allon da ya koma aiki, guba ce aka hana ta isa kogi.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, ina da jan kunne. Kwamfutar ofis dukiyar gwamnati ce ko da ta mutu. Ba a fitar da ita sai kwamiti ya duba, an yi gwanjo, an karɓi rasit. Kuma kafin ta fita, a cire faifan ajiyar bayananta, domin sirrin albashi da takardun mutane na ciki.

Daga ƙarshe, ina ba ƙungiyarmu shawara ta nemi izinin hukumar makaranta a buɗe ɗakin ajiyar tsofaffin kwamfutoci, a kira mai gyara ya zauna da ɗalibai, su rubuta sunan kowane allo da lambarsa. Mai amfani a gyara, ɗaya a ajiye don tarihi, sauran a miƙa ga masu sarrafawa da ba sa ƙonawa. 'Yan gwangwan kuma ba abokan hamayya ba ne, su ne ke shiga lungun da ba ma shiga. Idan muka nuna musu abin da za su ware, muka biya su fiye da kuɗin kilo, kowa ya amfana.

Ina godiya ga malamanmu da suka koya mana karanta abu kafin mu yanke masa hukunci.