Gajiya Ba Riba Ba Ce

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Yau da mata nake magana, musamman mu da ke da goyo a baya da waya a hannu. Amma maza kada ku wuce, akwai naku a ƙarshe.

Bari in fara da abin kunya. Ina sayar da atamfa da leshi, ina sarowa a Kantin Kwari, in ɗora a WhatsApp da Instagram. Da ɗiyata ta kai wata tara, lokacin allurar ƙyanda ke nan, na ce gobe zan kai ta. Goben nan ta zama sati bakwai. Ba mantawa na yi ba fa, kullum dai akwai wadda ke jiran kaya. Ranar da na je, ma'aikaciyar ta duba katin ta ce, "Maman yarinya, ina kika shiga?" Wallahi na rasa amsa. Ni da nake yawo ina wayar wa mutane da kai, ga tawa a gida.

A daren na ɗauko littafi na yi lissafin watan, wanda ya fi kowane cika da zirga-zirga. Na cire kuɗin mota zuwa Kwari, kuɗin mai kai saƙo, data, leda, da bashin da ba a biya ni ba. Abin da ya rage bai kai na watan da na yi rabin wannan wahalar ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace fita ta zama kuɗi, amma ni ban canza tsari ba. Ina fita saboda turmi ɗaya, ina amsa "nawa ne?" ƙarfe ɗaya na dare, ina jin wai ni ce mai ƙwazo. Ashe gajiyar kawai nake tarawa.

To ina muka samo wannan ma'aunin? Awa takwas da ake cewa ranar aiki, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ce ta sa ta a yarjejeniyarta ta farko a 1919, kuma don ma'aikatan masana'antu aka yi ta. Mutum ya shiga, ya fita, ya tarar an dafa, an wanke, yara sun yi barci. Wa ya yi wannan? Rahoton ita wannan ƙungiyar na 2018 ya nuna mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya a duniya. Ke kuma kin haɗa biyun, sannan kina auna kanki da ma'aunin wanda aka ɗauke wa ɗaya.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. Jihar Kaduna ma ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019. Mai sana'ar kanta fa? Babu mai ba ta. Iyayenmu sun san da haka, shi ya sa suka ajiye kwana arba'in na jego. Mu kuwa kwana uku da haihuwa mun dawo ɗora kaya, ana ta yaba mana, "kai, wance ba ta zama!"

Ga abin da na canza, ko wata za ta ɗauki ɗaya.

Na farko, na sa wa shagon ƙofa, duk da a waya yake. Ina amsa saƙo daga goma na safe zuwa biyu, sai kuma bayan isha'i na awa ɗaya. Na rubuta a fili. Wasu sun yi fushi sun tafi, kuma da na duba, yawancinsu masu taya kaya ne ba masu saye ba.

Na biyu, Kwari sau ɗaya a sati, kai saƙo Talata da Asabar kawai. Mai babur ɗaya ya kwashi na unguwa guda a tafiya ɗaya.

Na uku, na raba kuɗin sana'a da na cefane, na yanka wa kaina albashi. Bashi kuma na daina, sai dai a ajiye rabi.

Na huɗu, abin yara ne ke fara shiga jerin ayyukana: ranar asibiti, shayarwa, har barcina na rana. Abu uku nake rubutawa kullum, ba goma sha biyar ba. In sun samu, ranar ta yi.

Na biyar shi ne mai wuya, neman taimako da baki. Ba "ka riƙa taimaka min" ba. Na ce wa maigidana, "Daga la'asar zuwa magariba ranar Asabar, yarinya taka ce." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma don Allah, kada sauƙinmu ya zama an ɗauko 'yar shekara goma daga ƙauye an hana ta makaranta don ta yi mana raino. In za ki ɗauki mai taimako, ki ɗauki babba, ki biya ta hakkinta.

Na san ba kowa ke da wannan zaɓin ba. Akwai wadda in ba ta soya awara yau ba, ba za a ci ba yau. Ba zan ce mata ta huta ba, amma ko ita littafin lissafi zai nuna mata wace wahalar ce ke kawo kuɗi, wacce ce ke cin ta kawai.

Maza, ga naku: in matarka na sana'a, riƙe ɗanka awa biyu ba alfarma ba ce. Jari ne ka zuba a gidanka.

Aikin wannan satin: ki rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita na kwana bakwai, har da awannin da kika yi. Sati mai zuwa mu tattauna abin da kika gani. Kuma ki duba katin rigakafin yaronki yau, ba gobe ba.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka. Sai mun haɗu.