Tarko da Dilan Amurka



Maganar da zan yi a yammacin nan ta wata dabba ce wadda ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, da kuma yaƙin da gwamnatin Amurka ta shafe fiye da shekara 100 tana yi da ita. Sunan dabbar koyote, kalmar da Sifaniyawa suka aro daga harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko. Wanda ya san dila ya kusa sanin koyote, gama danginsu ɗaya: dogon baki, kunnuwa a tsaye, wutsiya mai gashi, nauyinsa kuwa bai cika wuce kilo 10 zuwa 20 ba. Har a wajen tatsuniya sun yi kama, domin kamar yadda muke kiran dila malamin daji, haka nan ƙabilu da yawa na mutanen asalin Amurka suka ɗauki koyote sarkin wayo da dabara.

Kafin zuwan Turawa, mazaunin koyote shi ne filayen ciyawa da hamadar tsakiya da yammacin nahiyar. Kyarkeci, wanda ya fi shi girma ninki biyu ko uku, shi ne ya tsare masa hanya, yana kashe shi duk inda ya rutsa shi. A ƙarni na 19 aka karkashe ɓaunar Amurka, aka zuba shanu da tumaki a makwafinta, masu dabbobi kuwa suka tasar wa duk wani abu mai cin nama. A shekarar 1915 Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala 125,000 don a ɗauki maharba da masu tarko aikin gwamnati, a 1931 kuma ta kafa dokar da har yanzu ake wannan aiki a ƙarƙashinta. Kyarkeci bai jure ba. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 an kusa share shi daga ƙasar, in ban da Alaska da arewacin Minnesota. Da aka gama da shi sai ma'aikata suka juya kan koyote, suna zaton aikin 'yan shekaru ne.

Kada kowa ya ɗauka kukan masu tumaki na banza ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Koyote yakan cafki ɗan tunkiya a maƙogwaro, bayan muƙamuƙi, ya riƙe har numfashi ya yanke, sa'an nan ya farke ciki ya fara da kayan ciki. Da wannan ne gwani yake rarrabe ɓarnarsa da ta karen gida, wanda yakan yayyaga dabba ta ko'ina ya bar ta da rai. Ƙididdigar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka takan nuna cewa, a cikin tumakin da namun daji da karnuka suke kashewa, kusan rabi ko fiye aikin koyote ne. Mutumin da ya ci bashi bisa sa ran zai sayar da 'yan tumaki a kaka, ya wayi gari ya tarar da gawa 5 ko 6, ba lacca yake bukata ba. Sai dai ita wannan ƙididdigar ta nuna cewa cuta, da sanyi, da wahalar haihuwa, da tsufa, in an haɗa su, sun fi namun daji cin tumaki.

To, bari mu dubi tarkon kansa, don a nan ne gwanintar take. Tarkon da aka fi sani na ƙarfe ne mai muƙamuƙai biyu, irin wanda wani maƙeri, Sewell Newhouse, ya yi suna da shi a Oneida ta jihar New York tun tsakiyar ƙarni na 19. Ana danne sifirin a buɗe muƙamuƙan, a maƙale su da wani ɗan harshe da ke jikin ƙaramin faifai a tsakiya. Da dabba ta taka faifan sai harshen ya suɓuce, muƙamuƙan su rufe a kan ƙafa. Ba a yi shi don kisa ba, riƙewa kawai yake yi har mai tarko ya zo da bindiga. Girman da aka saba ɗana wa koyote shi ne lamba 3, wanda faɗin bakinsa ya kai inci 5 zuwa 6, akwai kuma sarƙa da ake ɗaurewa a turken ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

Wahalar ita ce hancin koyote. Sabon tarko yana warin man inji, tsoho yana warin tsatsa, dukansu kuma suna ɗaukar warin hannun mutum. Saboda haka mai tarko yakan dafa tarkunansa da ɓawon itace mai rini har su yi baƙi, ya tsoma su cikin narkakken kaki, daga nan ba ya ƙara taɓa su sai da safar hannu. In ya je ɗanawa yakan durƙusa a kan wani ƙyalle don kada gwiwarsa ta bar wari. Wuri kuma ba ko'ina ba: mararrabar hanyoyin dabbobi, ko kusurwar shinge, ko bakin mashaya, inda ya ga sawu da kashi. Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a haƙa ɗan rami a karkace, kamar wata dabba ta ɓoye abinci, a sa koto a can ƙasansa, sa'an nan a binne tarko kamar taƙi guda a gaban bakin ramin, daidai inda ƙafar gaba za ta sauka in ya sunkuya yana shinshina. Ana daddale ƙasa a kewayen tarkon don kada ya motsa, a tankaɗe busasshiyar ƙasa a kansa da rariya har wurin ya saje. Wata dabarar kuwa ba koto a cikinta, fitsarin wani koyote ake ɗigawa a gindin ciyawa, domin maigidan wurin ba zai wuce alamar baƙo bai tsaya ya ɗora tasa ba. Koyoten da tarko ya taɓa kuskure shi ya zama malami: yakan tone tarkon ta gefe, ya kife shi, ya yi gaba.

Amma fa tarko ba ya tambayar sunan wanda ya taka shi. Yana kama yanyawa, da karen makiyayi, da ɗan maraƙi, har da gaggafa in an bar nama a fili. Dabbar da ta kamu takan yi ta fizga har ƙafa ta kumbura, ko ta karye, ko haƙora su farfashe wajen cizon ƙarfe. An yi gyare-gyare: an ƙara taurin faifai don kada ƙaramar dabba ta tayar da shi, an bar 'yar tazara tsakanin muƙamuƙai, an liƙa wa wasu roba, an sa wa sarƙa mahaɗi mai juyawa. Duk sun rage rauni, amma abin da ya fi su muhimmanci shi ne tsawon lokacin da dabba za ta yi a ciki. Jihohi da yawa sun wajabta a duba tarko kowace sa'a 24, wasu na yamma kuwa sun yarda a kai sa'a 72 ko fiye. Ku auna kwana uku cikin rana ba ruwa. Ingila ta haramta irin wannan tarko tun 1958, Tarayyar Turai ta yi doka a kansa a 1991, a Amurka kuma masu jefa ƙuri'a sun taƙaita shi a Arizona a 1994, da Colorado da Massachusetts a 1996, da Kalifoniya a 1998.

Tarihin guba zan taƙaita shi. Daga shekarun 1940 aka riƙa cusa wata guba da ake kira 1080 cikin mushen doki ko tunkiya a yar a daji, kowa ya ci ya mutu. Kwamitin Starker Leopold a 1964 ya shaida wa gwamnati cewa ana kashe dabbobi fiye da yadda tsaron dukiya yake bukata, na Stanley Cain a 1971 ya maimaita da kakkausar murya, a 1972 Shugaba Nixon ya hana sa guba a filayen gwamnatin tarayya. Shugaba Ford ya sassauta a 1975, Shugaba Reagan ya soke umarnin a 1982. Daga cikin abubuwan da suka rage akwai wata na'ura, M-44, wadda ake kafawa a ƙasa a shafa mata wari, in dabba ta ja ta da baki ta fesa mata garin sayanayid. A 2017 ɗaya daga cikinsu ta tashi da wani yaro ɗan shekara 14 kusa da gidansu a Pocatello ta jihar Idaho. Yaron ya tsira, karensa ya mutu a gabansa.

Yanzu sai mu tambaya, me aka samu? Hukumar da ke wannan aiki, wadda tun 1997 ake kira Wildlife Services, tana kashe koyote wajen 55,000 zuwa 70,000 a shekara a 'yan shekarun nan, da tarko, da wayar zarge, da harbi daga jirgin sama. In aka haɗa da maharba da masu neman fata, ana ƙiyasin adadin ya kai dubu ɗari huɗu ko biyar. Duk da haka dabbar da a da ba a san ta ba sai a yamma, yau tana cikin jihohi 49 daga cikin 50, ban da Hawaii kaɗai. Tana haihuwa a cikin birnin Chicago, a 1999 kuma an kama ɗaya a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar New York.

Dalilin wannan yana cikin yadda koyote yake zama. Namiji da mace sukan haɗu su tsare yanki guda, su kori baƙi, kuma galibi su kaɗai suke haihuwa a wurin. Sauran, matasa marasa yanki, suna yawo a gefe suna jiran gurbi. In tarko ya ɗauke masu gida, ba a daɗe ba wasu sun maye. Bugu da ƙari, in aka rage yawansu abinci yakan wadata, sai mata su haifi 'ya'ya da yawa, 'ya'yan kuma su rayu. Frederick Knowlton ya nuna a 1972 cewa a Texas, inda ba a matsa musu ba, mace takan haifi kimanin 4, inda ake karkashe su kuwa ta kusa kai 7. A 1975 Guy Connolly da William Longhurst na Jami'ar Kalifoniya suka yi lissafi, suka ce in ana son a ƙarar da su sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara, ba fashi, har sama da shekara 50. Babu gwamnatin da za ta iya wannan. Sauran dalilan mutum ne ya kawo su da hannunsa: ya sare dazuzzukan gabas ya mai da su gonaki, ya kuma kawar da kyarkeci. An ga shaidar wannan a gandun dajin Yellowstone, inda aka kashe kyarketai na ƙarshe a 1926. Da aka maido su daga Kanada a 1995, cikin 'yan shekaru yawan koyote a arewacin gandun ya ragu da kusan rabi, ba tarko ba guba.

Shin ke nan tarko ba shi da amfani? Ni ban ce haka ba. Binciken da aka yi a gonar gwaji ta Hopland a Kalifoniya, a shekarun 1990, ya gano cewa mafi yawan kisan tumaki aikin ma'auratan nan ne masu yanki. Yawan koyoten da aka kashe a shekara bai rage ɓarna ba, amma cire ainihin mai laifin yakan tsayar da ita na wani lokaci. A Wyoming kuma, binciken 1983 ya nuna cewa ko 'ya'yan kawai aka ɗauke daga rami aka bar iyayen, ɓarna takan ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Abin takaicin shi ne tarko ya fi saurin kama matasan nan marasa wayo, tsohon ɓarawon kuwa ya zagaye shi. A nan nake son ma'aikatan gwamnati su lura. Shekara da shekaru rahoton hukumar yana ƙirga gawar koyote, domin ita ce ake iya ƙirgawa cikin sauƙi a nuna wa Majalisa, alhali abin da aka kafa hukumar dominsa shi ne 'yan tumakin da suka kai kasuwa. A ganina gwanin mai tarko guda, wanda zai bi sawu ya cire dabba biyu da suka addabi garke, ya fi jirgin saman da zai harbe 200.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muka saba ganin Bafulatani da sandarsa a bayan garke, da yamma a kai dabbobi turke ko shinge, za mu yi mamakin yadda ake sakin tumaki su kwana a fili ba mai tsaro, ko a bar wa mutum guda fiye da 1,000, saboda tsadar ƙwadago. Daga ƙarshen shekarun 1970 Raymond da Lorna Coppinger na Kwalejin Hampshire suka fara rarraba wa masu tumaki manyan karnukan tsaro, irin na Turkiyya da Italiya da Yugoslabiya, waɗanda ake renonsu cikin garke tun suna ƙanana. Wasu sun koma ga jaki, wanda ba ya shiri da duk wani dangin kare, wasu ga shingen lantarki, da rumfar haihuwa, da binne mushe da wuri. Ba ɗayansu da ya kawar da ɓarna ɗungum, karnuka kuma suna cin kuɗi, wani lokaci su tasar wa masu wucewa.

Tumakin da aka yi duk wannan yaƙi dominsu sun kai miliyan 56 a 1942. Yanzu ba su fi kimanin miliyan 5 ba. Masu su da yawa suna ɗora wa koyote laifi, yana kuwa da nasa kaso, amma zaren roba da ya kashe kasuwar ulu, da ƙarancin makiyaya, da naman Ostareliya da New Zealand mai araha, su ne suka fi yin ɓarnar. Shi kuwa koyote bai tsaya ba. Ya ratsa ƙasashen Amurka ta Tsakiya, ya haye mashigin ruwan Panama wajen 2013, kyamarorin masu bincike kuma sun ɗauki hotonsa a gabashin ƙasar, a gefen dajin Darien, wanda shi kaɗai ya raba shi da nahiyar Amurka ta Kudu.